Abbansu ya kulle talabijin, yara sun koma kallo a maƙwabta

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Zariya, 'ya'yana huɗu: babbar shekararta 14, sai namiji mai 11, sai mai 7, auta kuma 4. A hutun da ya wuce surukata ta zo mana kwana biyu daga ƙauye. Wata ranar Asabar da daddare muna zaune a falo gaba ɗaya, yara suka sa wani fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa da aka turo musu a filashi. Ana cikin kallo sai ga wata rawa da wata irin shiga da ba zan iya kwatanta miki ba, kafin a lalubo rimot kuma mai fassarar ya ɗora da wata maganar batsa. Hajiya ta tashi ta shige ɗaki ba ta ce uffan ba. Washegari Abbansu ya cire talabijin ya kai ɗakinsa ya kulle, ya ce an daina kallo a gidansa.

Yau wata uku ke nan, kuma kallon bai tsaya ba, waje ya koma. Mai shekara 11 kullum yana gidan maƙwabta, ranar nan ma an gan shi a gidan kallon ƙwallo. Babbar kuwa na kama ta da wayata cikin bargo wajen ƙarfe ɗayan dare. Ina tsoron tayar wa Abbansu da maganar, kada ya ga kamar abin da ya faru bai dame ni ba. Don Allah akwai fina-finan da za a iya zama a kalla da yara, har da surukai, ba a ji kunya ba? Kuma ta yaya zan shawo kan maigida?

Maman Yara, Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raya miki zuri'a, ya shirya mana su baki ɗaya.

Bari in fara da Abbansu, domin idan ba a gyara can ba, sunayen fina-finan da zan ba ki ba su da amfani. Mutumin nan an kunyata shi a gaban mahaifiyarsa, a cikin gidansa, da hannun 'ya'yansa. Shirun da Hajiya ta yi ta shige ɗaki ya fi masa zafi da a ce faɗa ta yi, don ya san me shirun yake nufi: ashe haka kake renon jikokina? To duk namijin da ya san ciwon kansa sai ya yi wani abu washegari. Saboda haka kada ki je masa da sigar cewa ya yi kuskure. A ranar, daidai ya yi.

Sai dai abin da aka yi cikin fushi a kwana ɗaya ya zama doka ta wata uku, ga shi an gudu gara an faɗa gidan zago. Talabijin ɗin falo ita kaɗai ce abin kallo a gidanku mai shaidu. Duk abin da aka sa a cikinta, kina wucewa da faranti za ki gani, ƙani zai kai ƙara, uba zai shigo ba sallama. Wannan fim ɗin ma ai don a falo aka sa shi kuka san da zamansa. Ita kuwa waya a cikin bargo ƙarfe ɗayan dare, wa ke gani? Gidan maƙwabta wa ke tace muku? Gidan kallon ƙwallo kuma ba ƙwallon ce abin tsoro ba, bakin manyan samarin da yaro zai zauna a tsakiyarsu ne.

Wannan ita ce maganar da za ki kai masa, kuma dole ki kai, don ɓoye masa zancen bargo da gidan ƙwallo ya fi haɗari da fushin da kike gudu. Ki bari sai yara sun kwanta, ya ci ya ƙoshi, ba ranar da ya dawo da gajiyar kasuwa ko ofis ba. Ki fara da cewa ke ma har yanzu idan kin tuna daren nan sai kin ji kamar ƙasa ta tsage ki shige. Sannan ki faɗa masa inda yaran suka koma, ki nemi shawararsa. Kada ki ce a dawo da talabijin. Ki ce, "Abban yara, ina ganin da kai za ka riƙa zaɓa mana abin da za a kalla, dare ɗaya a mako, kana zaune." Kin ga ba ki karya masa doka ba, kin miƙa masa rimot ne. Maza da yawa da za su ƙi janye magana, ba sa ƙin a naɗa su alƙalai.

Sharaɗin da zai sa ya yarda, shi ne kuma zai tsare ku daga maimaita wancan daren: babu fim ɗin da zai shiga falo sai wani babba, ke ko shi, ya riga ya kalle shi tun daga farko har ƙarshe. Na san aiki ne. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kina iya kallo a waya kina tsinkar zogale ko kina guga. Filashin nan da ake kai wa masu tura fina-finai a bakin kasuwa su cika shi a kan 'yan kuɗi kaɗan, ku daina barin yara su kai da kansu. Mai shagon ba mugu ba ne, abin da samari ke nema yake zubawa, bai san akwai ɗan shekara 7 a gidanku ba. Ki rubuta sunan abin da kike so, shi kaɗai za a saka.

Akwai kuma abubuwa biyu da ke yaudarar iyaye. Na farko, ganin fim da Hausa sai a saki jiki. Fassara ba ta sa wa 'yar rawa mayafi, wani lokacin ma, kamar yadda kika gani da idonki, mai fassarar kan ƙara gishirin da babu shi a asalin fim ɗin don a yi dariya. Hatta namu na gida, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001 aikinta ta duba abin da ya saɓa wa addini da al'ada, ba ta ce kowane fim ya dace da ƙaramin yaro ba. Fim na iya fita tas babu tsiraici ko kaɗan, amma daga farko har ƙarshe kishiya ce ke zuwa wajen boka, ana saki ana kome, ana zagin uwar miji. Me yaro ya ƙaru da shi, ban da ya tashi yana ganin haka aure yake? Ga shi kuma ba duk abin da ake ɗorawa a YouTube da TikTok ne ke bi ta hannun wata hukuma ba. Na biyu, a ga katun sai a ce ai na yara ne. Akwai katun da manya kaɗai aka yi wa, mai zubar da jini da abin da ya fi haka, musamman cikin irin na Japan da samari ke turawa juna yanzu.

Haruffan da ake rubutawa a jikin fina-finan waje suna ɗan taimakawa. A tsarin Amurka, G na kowa da kowa ne, PG sai da sa idon iyaye, PG-13 ana jan kunne game da 'yan ƙasa da shekara 13, R kuwa ki bar shi inda kika gan shi. A nan Najeriya ma za ki ga ana sa 12 ko 15 ko 18. Amma ki tuna ma'auninsu daban da namu: a wurinsu sumba ba komai ba ce, sai ki same ta a fim mai G. Harafin zai gaya miki wanda za ki jefar ba tare da ɓata lokaci ba, idonki ne zai gaya miki wanda za ki ɗauka.

To ga waɗanda ni na kalla, na kuma zauna da jikokina muka kalla.

Idan ɗaya tak za ki nema don daren farko, ki nemi Children of Heaven, fim ɗin ƙasar Iran na 1997 wanda Majid Majidi ya shirya. Labarin bai fi cikin cokali ba. Wani yaro Ali ya kai takalmin ƙanwarsa Zahra gyara, ya ɓace masa a hanya. Ubansu talaka ne, ga bashin haya, ga uwa ba lafiya, sai yaran suka ƙulla ba za su faɗa ba. Ita makarantar safe take yi, shi ta rana, sai suka riƙa karɓa-karɓa da kambas ɗinsa guda: ta taso ta sheƙo da gudu ta lungu, ya karɓa ya zura ya sheƙa, kullum yana makara. Can aka sa gasar tsere ta 'yan makaranta, wanda ya zo na uku kyautarsa har da takalmi. Sai ga yaro ya shiga tsere yana addu'ar kada ya zo na ɗaya ko na biyu. Ba zan faɗa miki yadda aka ƙare ba. Abin da ya sa na fifita shi, gidan da za ku gani a ciki kamar gidajenmu ne: uwa da lulluɓi, tsakar gida da wurin wanki, uban yana fasa sukarin masallaci ya hana a taɓa ko ƙwaya ɗaya don amana ce, ana aika yaro ya kai wa maƙwabta miya. Bai kai awa ɗaya da rabi sosai ba, kuma babu wurin da za ki nemi rimot. Da Farisanci suke magana, ana rubuta Turanci a ƙasa, sai ki ba babbar aikin fassara wa ƙannenta. Za ta ji an ɗauke ta da muhimmanci, Turancinta kuma ya ƙaru.

Tunda yaranki sun saba da Indiya, kada ki yanke musu ita gaba ɗaya, a can ma akwai na kirki. Taare Zameen Par na 2007, wanda Aamir Khan ya shirya ya kuma fito a ciki, labarin Ishaan ne, ɗan shekara 8 da haruffa ke yi wa rawa a ido idan ya buɗe littafi. Gida da makaranta kowa ya yanke cewa malalaci ne, daƙiƙi, har aka tattara shi aka kai makarantar kwana, sai da wani malamin zane ya gane cewa larura ce ta karatu, ba taurin kai ba. Akwai waƙoƙi, amma ba na saurayi da budurwa a kan dutse ba. Wannan fim ɗin iyaye ya fi yi wa wa'azi. Mu nan yara nawa muka lakaɗa wa duka a kan karatu, a boko da allo, muka kira su dolaye, alhali abin da ke damunsu ke nan? Ki sa ido a kan fuskar Abbansu lokacin da malamin ya je gidan su yaron ya miƙa wa uban wani kwali mai rubutun da bai iya karantawa ba, ya ce karanta. Yana da tsawo, ya haura awa biyu da rabi, ku raba shi dare biyu.

Shi kuma mai shekara 11 da ƙafarsa ta fara sabawa da waje, akwai wanda na ware masa: The Boy Who Harnessed the Wind na 2019, wanda Chiwetel Ejiofor, ɗan asalin Najeriya, ya shirya. Labarin gaskiya ne na William Kamkwamba, ɗan manomi a Malawi, da aka kora daga makaranta don babu kuɗin makaranta, ga yunwa ta faɗa wa ƙasar. Ya riƙa laɓewa a ɗakin karatu yana duba littattafan kimiyya, ya tsinto tarkace a juji, ya roƙi keken ubansa, ya haɗa fanka mai juyawa da iska ta ba da wutar da ta jawo ruwa daga rijiya aka yi noman rani. Kada ki yi mamaki idan washegari kin tarar an kwance miki tsohuwar rediyo. Amma in faɗa miki gaskiya, akwai wurare masu nauyi: ana wawar hatsi, ana dukan wani basarake, karen yaron ya mutu da yunwa, yayarsa kuma ta gudu da wani malami. Mai 7 da auta su yi barci tukuna. Haka ma Queen of Katwe na 2016, labarin Phiona Mutesi, yarinya mai tallar masara a wata unguwar talakawa ta Kampala da ta zama gwanar wasan darar Turawa. Ya dace da babbar, sai dai a ciki yayar Phiona ta bi wani saurayi mai babur ta dawo da ciki. Ni ban ɗauki wannan dalilin ƙin fim ɗin ba. Ƙofa ce ta hirar da ya kamata ku yi da 'yar shekara 14, ke da ita, ba a gaban ubanta ba.

Na tarihin Musulunci su ne za su fi saurin shiga ran maigida. Ar-Risala, wato The Message, wanda Moustapha Akkad ya fitar a 1976, ba a nuna Manzon Allah (SAW) ba, ba a kuma sa muryarsa ba. Duk da haka malamai sun yi saɓani a kan fitowa a matsayin sahabbai irin su Sayyidina Hamza da Bilal, don haka ku bi abin da malaminku ya tafi a kai, kada ki mayar da shi abin musu a gida. Akkad ɗin ne kuma ya yi Lion of the Desert, wanda mu muka fi sani da Umar Mukhtar, malamin Alƙur'anin da ya shafe kusan shekara 20 yana yaƙar Italiyawa a Libiya har suka rataye shi a 1931. Duka biyun akwai yaƙi da azabtarwa, na manyan yaran ne, kuma kowanne ya kusa awa uku.

Ƙananan fa? The Lion King na 1994 da Finding Nemo na 2003 duk suna da kyau, amma ki sani a na farko uban ɗan zakin yana mutuwa a gaban idonsa, a na biyu kuma tun buɗewar fim ake rasa uwa. Wani yaron ba ya ko girgiza, wani sai ya kwana yana firgita; ke kika san naki. Akwai Bino and Fino, katun ɗin da aka yi a nan Najeriya, yara baƙar fata masu kaka da abinci irin namu, da Akili and Me na Tanzaniya mai koyar da ƙirga da haruffa. Sannan kada ki raina shirye-shiryen namun daji irin Planet Earth na BBC. Ban taɓa ganin tsohuwa ko jariri da bai tsaya kallon giwaye na neman ruwa ba, sai ki ji falo ya cika da "Subhanallah" ba wanda ya sa kowa. Ko da yake can ma, dabba ba ta san kunya ba, sai a riga a duba. Shi dai auta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana a gaban talabijin ko waya, in ya gaza haka ma ya fi. Ki sa masa nasa da wuri, ya kwanta, sannan manya su ɗora.

Na gida kuwa, ki koma baya kaɗan. Mu da muka tashi lokacin da talabijin ba ta buɗewa sai da yamma, ta rufe da taken ƙasa, gida ɗaya ne mai akwati a layinmu, yaran unguwa duka a tabarma ɗaya, mai gidan na kan kujera da carbinsa. Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi muke jira, da Karkuzu daga Jos. Yanzu idan na tuna, ba kyawun shirin kaɗai ya tsare mu ba, zaman dattijon nan a bayanmu ne. Ana samun wasu daga cikin tsofaffin nan a intanet, hoton ya dushe amma dariyar tana nan. Akwai kuma Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Idan babbar ta karanta littafin a makaranta za ta so ta gani. Cikin na zamani, Daɗin Kowa na tashar Arewa24 yana taɓo shaye-shaye da almajirci da 'yan gudun hijira, abubuwan da yaranki ke gani a titi ko ba fim. Manyan biyu za su iya kalla kuna kusa. Sai dai masu dogon zango suna da jaraba, kowane kashi sai ya tsaya a inda zai hana ka barci. Da fim mai farko da ƙarshe za ku fara.

Yadda za a zauna ma yana da nasa tsari. Ku tsayar da dare ɗaya, Juma'a ko Asabar, bayan sallar isha'i, an gama aikin makaranta da haddar Islamiyya. A sauke fim ɗin tun da rana, kada a kalla kai tsaye daga intanet, saboda tallace-tallacen da ke faɗowa a tsakiya da abin da ke biyo baya da kansa idan fim ya ƙare, nan ne ɓarnar take. Idan wuta ba ta da tabbas a unguwarku, a yi cajin kwamfuta ko a tanadi mai kaɗan a janareto, don ba abin da ke kashe wa yara gwiwa irin a yi musu alkawari NEPA ta karya. A tara wayoyi a kwano ɗaya, har da taki da ta Abbansu. Ki soya gyaɗa ko gugguru, ki dama zoɓo. Idan wani abu ya faru a fim, a tsayar a tambaya: da kai ne Ali, za ka faɗa wa Abba takalmin ya ɓace? Za ki ji amsoshin da za su nuna miki 'ya'yanki fiye da yadda kika san su. Amma a yi hattara, kada kowane minti biyar ya zama huɗuba, sai su gudu su koma maƙwabta.

Babbar kuma kada ki tona mata asiri a gaban ƙanne, kada kuma ki yi kamar ba ki gani ba. Ki canza lambar sirrin wayarki, wayar ta riƙa kwana a ɗakinki, sannan ki tambaye ta cikin ruwan sanyi me take kallo. Wataƙila ba komai ba ne illa wani shiri mai dogon zango da ƙawayenta ke hira a kai a aji, ita kaɗai ba ta san inda aka kwana ba. In haka ne, ku kalli kashi ɗaya tare ki yanke hukunci da idonki. In kuma hira ce take yi da wani, wannan wata wasiƙar ce daban, ki sake rubuto mini.

Saura Hajiya. Ranar da ta sake zuwa, kada ku ɓoye talabijin kamar masu laifi. Ki sa Abbansu ya nemo Samanja ko na giwayen nan, a shimfiɗa mata darduma a gaba, a ce jikoki ne suka gayyace ta. In wuta ta ɗauke a tsakiya, ki ce wa mai shekara 7 ya roƙe ta ta yi musu Gizo da Ƙoƙi.

Gwaggonku